Cocin Dutse na Guangzhou: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Jama'a barkanmu da war haka. Na jima ina zirga-zirga tsakanin gida da Guangzhou, wato Gwanzu kamar yadda muke faɗa a baki, ina raka 'yan kasuwa shiga kasuwanni ina haɗa musu kaya zuwa kago. Ni ɗan Katolika ne daga jihar Kaduna, akasarin kwastomomina kuma Musulmi ne, to duk ranar Lahadi in na ce musu yau ba fita da rana zan tafi Misa, wato ibadarmu ta coci, sai tambayoyi su taso, wai dama akwai coci a Caina, wai ana barin mutum ya shiga, wasu ma su ce a je da su su gani. 'Yan'uwa Kirista masu zuwa karon farko su ma da nasu tambayoyin. Shi ya sa na tara su wuri ɗaya.

Wane coci ne wannan, kuma me ya sa ake ce masa Cocin Dutse?

Sunansa na asali Katidiral na Zuciya Mai Tsarki ta Yesu, nan ne kujerar bishop na Guangzhou take. Amma 'yan gari ba sa wahalar da bakinsu, Shishi kawai suke cewa, ma'ana ɗakin dutse, saboda bangonsa da ginshiƙansa da hasumiyoyinsa duka da sassaƙaƙƙen dutse aka yi su, irin dutsen nan mai tauri na kan tsauni. Hasumiya biyu gare shi a gaba masu tsini, kowacce ta haura mita 50, tsawon ginin kuma ya haura mita 70. In zaka nuna wa direba ko wani a hanya, ga sunan da rubutunsu: 石室圣心大教堂. Ka ajiye shi a waya, dan in ka ce coci da Turanci kallonka kawai za a yi.

A ina yake, ya zan je daga Xiaobei ko Sanyuanli, unguwannin da mutanenmu suka fi sauka?

Yana kan titin Yide Lu a gundumar Yuexiu, tsohon cikin gari kenan, ba nisa da bakin kogin Zhujiang. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi sauƙi. In kana Sanyuanli layi na 2 zaka hau kai tsaye ka sauka a Haizhu Guangchang, ba canji. In kana Xiaobei ka hau layi na 5 tasha ɗaya zuwa babbar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, ka canza zuwa layi na 2 mai yin kudu, shi ma ka sauka a Haizhu Guangchang. Daga nan ko ka taka da ƙafa kamar minti 10, ko ka ƙara tasha ɗaya a layi na 6 ka sauka a tashar Yide Lu. Wanda ya fito daga baje kolin Canton a Pazhou layi na 8 zai hau ya canza a Changgang zuwa layi na 2. Kuɗin jirgi daga yuan 2 yake farawa.

Didi, wato tasin da ake kira ta waya, ma zai kai ka, amma gaskiya ban cika ba da shawarar mota ba, titin nan kasuwar sari ce gaba ɗayansa, 'yan dako da kurar hannu da masu keke sun cika ko'ina, sai ka zauna a go-silo kana hangen hasumiyar baka iso ba. Kuma kar ka dogara da Google Maps, Amap ko Baidu ne ke aiki sosai a can.

Abu ɗaya da zai gaya maka ka iso shi ne ƙarni. Yide Lu nan ne cibiyar busasshen kifi da sauran busassun kayan teku, zaka bi ta gaban shaguna buhu-buhu a jibge, kana cikin kauce wa masu tura kaya kawai sai ka ga gefen titi ya buɗe, ga fili, ga gini a tsaye tsirara ba abin da ya kare shi. Har yau in na kai wurin nan sai na ɗan tsaya.

Nawa ne kuɗin shiga, kuma yaushe ake buɗewa?

Kyauta ne, ko sisi. Duk wanda ya tare ka a hanya ya ce zai sayar maka da tikiti ka wuce abinka. Abin da aka saba, ranar Litinin ba a buɗe wa masu yawon buɗe ido, sauran ranakun aiki kuma a buɗe da safe a rufe da tsakar rana a sake buɗewa bayan azahar zuwa yamma. Jadawalin yana manne a bakin get, shi zaka bi, dan sukan taɓa shi lokacin bukukuwa ko in akwai ɗaurin aure. Ka tafi da fasfonka a jiki, wannan dokar ƙasar ce ga kowane baƙo a ko'ina.

Ni Musulmi ne, za su bar ni in shiga?

Ƙwarai kuwa. Ba wanda zai tambaye ka addininka a ƙofa, hasali ma yawancin masu shiga a ranakun aiki 'yan Caina ne da ba Kirista ba, kallon gini suka zo. Maganar hukunci a addininka kuma wannan tsakaninka da malaminka ne, ni ba hurumina ba ne, kuma ban taɓa matsa wa kowa ba. Na sha zuwa da waɗanda suka tsaya a filin waje suka kalli gini suka ce ya ishe su, na kuma zo da waɗanda suka shiga suka zauna a bencin baya shiru. Duka daidai ne a wurina.

Roƙona ɗaya ne, kuma shi nake wa kowa, Kirista da Musulmi. Wurin nan ba gidan tarihi ba ne da aka kulle ibada aka bar kallo. Ko da rana tsaka ka shiga zaka tarar da wata tsohuwa a durƙushe da rosari, wato carbinmu na Katolika, a hannu, ƙila ita iyayenta sun ga zamanin da aka hana su shiga ginin nan. Ka shiga kamar yadda zaka so baƙo ya shiga naka wurin ibadar.

Sai na cire takalmi? Hula fa? Hajiya za ta cire mayafi?

Takalmi a'a. Akwai ranar da na zo da wani dattijo ɗan kasuwar yadi, muna isa ƙofa kafin in ankara ya sunkuya ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, mai gadin wurin yana ta yi masa nuni da hannu ya mayar. Na ce Alhaji a bar shi a ƙafa, nan da takalmi ake shiga. Ya dube ni ya ce ai ɗakin ibada ne ɗana, ya za a yi in taka da takalmi. Da ƙyar ya yarda ya mayar, kuma har muka fito a hankali yake takawa kamar mai tsoron tada barci. Abin ya daɗe a raina, na ga ladabi a wurin bawan Allahn nan wanda wasunmu masu zuwa duk mako ba mu da shi.

Hula kuwa ita ake cirewa, namiji baya rufe kai a cikin cocin Katolika, to ka riƙe ta a hannu in ka fito ka mayar. Mace akasin haka, mayafi ko hijabi ko ɗankwali duk ba matsala, ai ko a gida matanmu da ɗaurin kai suke zuwa coci. Abin da masu kula da ƙofa ke hanawa shi ne gajeren wando da siket mai nuna cinya da riga mara hannu. Mai kaftani da mai atamfa basu da abin damuwa.

Wai waye ya gina shi, ya akai Turawa suka samu fili a tsakiyar gari haka?

To nan fa sai an yi haƙuri dan labarin ba mai daɗi ba ne duka, kuma ni bana son ɓoye shi dan kawai cocina ne. Filin nan asalinsa fadar babban gwamnan daular Qing ce mai mulkin Guangdong da Guangxi. A yaƙin Ofiyom na biyu, wanda aka yi daga 1856 zuwa 1860, sojojin Ingila da Faransa suka yi wa garin ruwan wuta, fadar ta rushe, suka ci garin a ƙarshen 1857, suka kama gwamnan mai suna Ye Mingchen suka kai shi Kalkata ta Indiya, can ya mutu a 1859. Bayan yaƙi ne bishop ɗan Faransa Zéphirin Guillemin, na ƙungiyar 'yan mishan ta Faris, ya samu filin a 1861, kuma kowa ya san ba dan ana sonsa aka ba shi ba, ƙarfin bindiga ne a bayansa. Sarkin Faransa Napoleon na 3 ya ba da faran 500,000 na kuɗin Faransa dan aikin.

An aza harsashi ranar 8 ga Disamba 1863. Dutsen daga yankin Kowloon na Hong Kong aka riƙa sassaƙo shi ana ɗorawa a jirgin ruwa ana kawowa, ba injin ɗaga kaya irin na yau, hannu ne da igiya da katako. Masu zanen gini Faransawa ne, sun kwaikwayi fuskar cocin Sainte-Clotilde na Faris, amma magina 'yan ƙasa ne da basu taɓa ganin irin wannan gini da idonsu ba, aiki ya yi ta tafiyar hawainiya saboda ba a jin yaren juna, sai da aka ɗora wani magini mai suna Cai Xiao a matsayin shugaban ma'aikata sannan abu ya miƙe. Shekara 25 aka yi, aka gama a 1888. Shi bishop ɗin da ya faro aikin bai ga ƙarshensa ba, ya rasu a 1886.

Ni in na zauna a ciki ina tuna duka biyun, yadda aka karɓi filin da kuma hannayen da suka sassaƙa dutsen nan ɗaya bayan ɗaya. Mu da muka fito daga ƙasar da Bature ya shiga da bindiga bai kamata labarin nan ya zama mana baƙo ba. Abin da ke kwantar min da rai shi ne yau bishop ɗan ƙasa ne, fadoji 'yan ƙasa ne, jama'ar da ke cika benci da sassafe suna waƙa da yaren Kanton, wato yaren 'yan garin, su ma 'yan ƙasa ne, wurin ya zama nasu.

Ba kwaminisanci ake yi a Caina ba? Cocin na Paparoma ne ko na gwamnati?

Wannan tambayar 'yan'uwana Katolika ne suka fi yinta, kuma suna da gaskiya su tambaya. Ginin ya sha wuya. Gilasansa na asali sun farfashe lokacin da jiragen Japan ke jefa bam a 1938, sannan a 1949 da sojojin Kuomintang, abokan yaƙin 'yan kwaminis, suka tarwatsa gadar Haizhu da ke kusa suna janyewa, sannan a juyin al'adu na gwamnatin kwaminis da ya fara a 1966 aka rufe shi aka lalata kayan ciki aka mai da shi sito. Sai a 1979 aka sake buɗewa. A 1996 gwamnati ta sa shi cikin manyan wuraren tarihi da ƙasa ke karewa, aka kuma yi masa babban gyara tsakanin 2004 da 2006.

Coci ne mai rajista da hukuma, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, gwamnati na sa ido kan harkar addini gaba ɗaya, masallatai ma haka. Amma bishop ɗin wurin, Joseph Gan Junqiu, an naɗa shi a 2007 da amincewar Paparoma, sannan tun 2018 akwai yarjejeniya tsakanin Batikan da Beijing kan naɗin bishop-bishop wadda ake ta sabuntawa. Saboda haka Misar da zaka tarar Misa ce ta Katolika, in kai ɗan Katolika ne ka je da zuciya ɗaya ka cika Lahadinka.

Akwai Misa da Turanci? Da Hausa fa?

Da Hausa babu ɗan'uwa, sai dai ka yi taka a zuci. Ana yi da yaren Kanton da Mandarin, akwai ta 'yan Koriya, ta Turanci kuma ranar Lahadi da yamma, wajen ƙarfe 3:30 aka saba yi. Ita ce tamu ta baƙi, 'yan Afirka sun fi yawa, cikinsu kuma 'yan Najeriya ne kan gaba musamman 'yan'uwanmu Ibo, sai 'yan Filifin da 'yan Indiya da ɗaiɗaikun Turawa. Jama'a sun ragu bayan korona, da yawa sun koma gida basu dawo ba, amma har yanzu in mawaƙa suka ɗauka sai ka rantse kana gida.

Ka zo da wuri, ko da minti 30 ne, in kana son benci. Kuma kar ka damu da yare in lokacinka bai kai na Turanci ba. Lahadina ta farko a cocin ta safe na shiga bisa kuskure, ba kalma ɗaya da na gane, amma tsarin ɗaya ne da na cocin ƙauyenmu, na san inda ake tashi na san inda ake durƙusawa, da aka zo addu'ar Ubanmu wanda ke cikin sama suna yi da nasu ni ina yi da Hausa a hankali muka kuma ƙare tare. Da aka zo gaisuwar salama wani tsoho na gefena ya haɗa tafukansa ya ɗan rusuna min, su haka suke yi maimakon musabaha. Hawaye ne suka zo min, sati biyu kenan ba wanda ya dube ni in ba dan ciniki ba.

In na ga an yi layi ana karɓar wani abu a gaba, in bi?

A'a, dan Allah kar ka bi. Wannan gurasar da aka tsarkake ce, wato Jikin Kristi, shi ne abu mafi tsarki a wurinmu, na ɗan Katolika ne da aka yi wa baftisma kuma ya shirya kansa. Ko Kirista na wata ɗarika ba ya karɓa. Ka zauna a wurinka, ba wanda zai harare ka, ko cikinmu ma zaka ga da yawa a zaune. Haka in an zo da jakar baiko ba dole ba ne, ka miƙa gaba kawai. Ruwan da ke bakin ƙofa da mutane ke tsoma yatsa shi ma ba sai ka taɓa ba, kuma ba na wanke hannu ba ne.

Zan iya ɗaukar hoto?

A waje ka ɗauka iya son ranka, filin gaba cike yake da masu hoto har da amare da angwaye da kayan biki. A ciki kuma ka bi abin da masu kula da wurin suka ce ranar, kar ka kunna filasha, kar ka tsallaka igiya ka hau wajen bagadi, in ana Misa ka mai da waya aljihu. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne mai bidiyo kol yana ɗaga murya yana juya waya kan fuskar masu addu'a wai yana nuna wa mutanen gida. Ka fita waje ka kira su.

Me ya kamata in duba in na je, kar in shiga in fito haka nan?

Kafin ka shiga ka duba ƙasan kusurwoyin gaba guda biyu, a ɗaya an sassaƙa Roma 1863, a ɗayar Jerusalem 1863, saboda an kawo ƙasa kilo ɗaya daga Roma da dutse daga Urushalima aka sa a harsashi. Mutane da yawa suna wucewa basu gani ba. Sannan ka ɗaga kai ka dubi indararon ruwan sama, a coci-cocin Turai dodanni ake sassaƙawa, a nan zakuna ne irin na Caina, wato maginan sun bar hannunsu a jiki.

A ciki ginshiƙai ne jere biyu sun tashi sama sun haɗe kamar rassan itace, ga manyan tagogi masu zagaye kamar fure. Gilasan masu launi da kake gani ba na asali ba ne, a gyaran ƙarshe aka yo su daga Filifin, shi ya sa rubutun jikinsu Turanci ne duk da Faransawa suka gina wurin. In rana ta faɗo musu launin yana zuba kan dutse da benci, ka samu wuri ka zauna minti biyar ka kalla, ga sanyi kuma in ka fito daga zafin nan na Gwanzu mai danƙo. A gefen harabar akwai kogon Uwarmu Maryamu inda mutane ke tsayawa addu'a.

Ya Kirsimeti yake a wurin?

Cinkoso ne na fitar hankali, musamman daren jajibiri, dan matasan gari da ba Kirista ba su ma suna tururuwa kallo, 'yan sanda su kafa shinge suna shigar da mutane kaɗan-kaɗan. In da yara ko tsoho kake tafe ka bari sai washegari da rana.

In lokacin sallah ya yi ina wurin fa, kuma ina zan ci halal?

Ka yi arewa da ƙafa kamar minti 20 zaka kai titin Guangta Lu inda masallacin Huaisheng yake, yana cikin mafi daɗewa a duk ƙasar Sin, al'adar Musulmin wurin tana danganta kafuwarsa da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ga hasumiyarsa mai kusan mita 36 a tsaye har yau. Nakan raka kwastomomina har ƙofa in jira su a waje. Abinci kuma ka nemi shago mai alamar 清真, yawanci masu taliyar Lanzhou ne da naman sa, akwai su a unguwar masallacin. A Yide Lu kanta ka yi hattara, naman alade ya yi yawa a girkin mutanen Kanton.

Ni mai wa'azi ne, zan iya zuwa da takardu in raba a harabar?

Kar ka soma. Dokar ƙasar ta yarda baƙo ya yi ibadarsa a wurin da aka yi wa rajista, amma ta hana shi yin wa'azi ga 'yan ƙasa ko raba littattafai dan jawo su. Zaka ja wa kanka matsalar biza, ka kuma ja wa 'yan'uwa da ke zaune a garin waɗanda su za a tsaya bincika bayan kai ka tafi. Littafi Mai Tsarki naka na karatu ba laifi.

Awa nawa zan ware, kuma zan iya haɗawa da kasuwa?

Mai kallo kawai minti 40 sun ishe shi, mai Misa ya ware awa biyu. Kuma eh ana haɗawa sosai, dan Yide Lu da kewayenta nan ne sarin kayan wasan yara da kayan ado da kayan rubutu, ga babban ginin Onelink a kusa da Haizhu Guangchang mai hawa-hawa cike da kayan kyauta da na ƙawata gida. Shawarata ka fara da cocin tun da safe hannunka ba kaya, dan ba daɗi ka shigo da manyan ledoji kana bugun benci, in ka fito sai ka faɗa kasuwa. In kuma da sauran ƙarfi a ƙafarka da yamma, ka hau layi na 6 ka sauka a Huangsha ka tsallaka tsibirin Shamian, akwai wani ƙaramin cocin Katolika na Uwarmu ta Lourdes a can cikin tsoffin gidajen Turawa, ga inuwar manyan itatuwa da benci a bakin ruwa.